Jan Tabo a Jirgin Haidar

Anbariyya, Madina
6 ga Rajab, 1446

Zuwa ga mijina na Yanbu, jikan da ya gudu ya bar ni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya, sai dai gwiwata ta hagu da ta ƙi jin magana tunda sanyi ya shigo. Likitan nan ɗan Zariya ya ce in daina hawa bene. Na ce masa to ya riƙa zuwa yana kwaso mini shanyata. Yayarka Fatna tana gaishe ka. 'Yarta Mimi ta zubar da haƙori biyu, yanzu in ta yi dariya ni sak.

Ka aiko cewa ba na amsa waya. Haidar, kunnen nan ya yi ritaya. In ka kira, abin da nake ji kamar ana suyar ƙosai a maƙwabta. Fatna ta ce ta riƙa rubuta maka saƙona a wayarta, na ƙi. Wace mace ce take aika wa mijinta magana ta bakin yayarsa? Aji huɗu na yi a Haɗejiya kafin mu kamo hanyar gabas, kuma aji huɗun nan bai ruɓe ba. Khalilu direba yana kai kaya Yanbu duk mako, shi zai riƙa kai maka takarda ya karɓo amsa. Da Hausa za ka amsa. In ka cika mini takarda da Larabci, barkono zan ƙunsa a ciki.

Khalilu ya ce ya ga jirgin ruwan da kake tuƙawa, wai an yi masa sabon daɓe, har sai an cire takalmi kafin a hau. Ka ba ni labari. Yaron da sai an bi shi da tsintsiya kafin ya ɗauke kwanon da ya ci abinci, yau shi ne mai hana mutane taka masa ƙasa!

Ka riƙa sa rigar sanyi. Ka riƙa cin abinci mai miya, ba burodi da cuku kullum ba.

Matarka ta fari,
Uwa

Yanbu
15 ga Rajab

Sitti, kakata amaryata,

Wa alaikumus salam. Na karɓi takardarki, alhamdu lillahi ina lafiya. Allah ya ba gwiwa sauƙi. Hausata kin san ta, ki yi haƙuri da ita.

Khalilu bai yi ƙarya ba. Mai jirgin ya sa an shimfiɗa mana wani abu, in kin gan shi za ki rantse katako ne, har da layi-layi, amma roba ce. Ba ta ruɓewa, ba ta santsi ko ta jiƙe. Masu nutson da nake kaiwa teku suna jin daɗinta ƙwarai. Sai dai tana da doka kamar ke. Duk dawowa sai na wanke gishiri da ruwan daɗi. Sabulu mai laushi kawai, buroshi kuma ya bi layin, kada a gitta. Ba a sa mata fetur, ba a jan ƙarfe a kanta. In rana ta yi zafi sai an rufe ta. Bakri, wani tsohon Bahaushen Sudan da ya fi shekara arba'in a tashar nan, yana cewa na samu 'yar lele.

Abu ɗaya ne ya dame ni. Duk sanda na jawo anga, wato ƙarfen da muke jefawa ya riƙe jirgi, sarƙarta tana barin jan tabo a kan shimfiɗar. Na wanke na wanke, ya ƙi fita. Na tuna yadda kike cire tsatsa daga farin mayafi. Me kike sawa?

Kuma bari in faɗa miki abin da na ɓoye don in ba ki mamaki. Sarƙar nan ta kakana Malam ce. Wadda na ɗauko daga kan bene bayan rasuwarsa. Shekara biyu ke nan tana tsakanin anga da igiya. Sarƙar da ta riƙe jirginku kwana uku a guguwa daga Sawakin, da alhazai arba'in a ciki, bai kamata ta ƙare a lungu ba. Na mayar da ita teku inda ta fito. Duk shekara ina yi mata fenti.

Ki gaida Fatna da mai giɓi.

Mijinki,
Haidar

Anbariyya
20 ga Rajab

Maigidan,

Salamu alaikum. Takardarka ta zo, na karanta ta sau uku. Muna lafiya. Gwiwa tana nan da halinta.

Maganin tabo, lemon tsami da gishiri. Ka matse, ka barbaɗa, ka bar shi kaɗan, ka goge da tsumma, ka ɗauraye. Ka fara gwadawa a lungun da ido ba ya kaiwa, don ban san halin robarku ba, kada mai jirgi ya zo Anbariyya neman tsohuwar da ta ɓata masa daɓe.

Sai maganar sarƙa. Ni na ɗauka a bango ka rataye ta kana kallo. Ashe aiki ka ba ta! Haba mijina, tsohuwa ta isa hutu. Ni da ita kusan sa'o'i ne, kuma ka ga ni ko tulu ba a ɗora mini yanzu. Wanda ya sayi daɓen da ake cire wa takalmi ba zai kasa sayen sabuwar sarƙa ba. Ka cire ta ka jefa a buhu, ka sa mai ƙyalli irin ta 'yan gayu. In ka ƙi, to na yi yaji, sai ka zo biko da kifi guda bakwai.

Fenti kuma, ni ma in na sha lalle da kwalli ranar Juma'a, daga nesa sai a ce yarinya. Ka matso kusa ka gani.

Ka cire ta, ka ji ko?

Matarka,
Uwa

Yanbu
2 ga Sha'aban

Sitti,

Salam. Lafiya lau nake. Wallahi na yi dariya har Bakri ya ce in karanta masa, ya ce irinki sun ƙare. Kifi bakwai na nan zuwa, Khalilu zai kawo su cikin ƙanƙara, ki janye yajin.

Lemon ya yi aiki, tabon ya fita tas. Amma da na sake jefa anga ya dawo. Yanzu na shimfiɗa tsohon buhu a wurin, khalas, shi ke nan.

Sarƙa kuwa, na san tsokana kike. Ke da kika ce ko an narkar da duk ƙarfen Jidda ba za a ƙera irinta ba? Bakri ma yana ta cewa ba ta yi masa kama da sarƙar teku ba. Na ce masa shi bai san tarihinta ba. Jiya na ƙara mata fenti, ta yi kyau.

Ga albishir. Bayan ƙaramar Salla zan kai masu nutso takwas can nesa, wurin duwatsun murjani, kwana uku. Wannan ne karo na farko da mai jirgi ya ba ni tafiya mai nisa ni kaɗai. A can, su suna ƙasan ruwa, jirgi yana sama, anga ce kaɗai ke riƙe shi a inda za su fito su same shi. Ban ji tsoro ba ko kaɗan. Malam yana tare da ni.

Ki sa ni a addu'a a Harami.

Haidar

Anbariyya
5 ga Sha'aban

Aliyu,

Assalamu alaikum. Lafiyarmu ƙalau. Ka ga na kira ka da sunan yanka. Yau babu miji babu mata, kakarka ce take magana, kuma ina so ka zauna kafin ka ci gaba.

Laifina ne da ka ɗauki maganata wasa. Shekara talatin ban taɓa ce maka ko "zo ka ci abinci" ba tare da tsokana ba. Wancan karon ma na ɓoye tsorona a cikin wasa, don ina jin nauyin abin da zan faɗa yanzu.

Sarƙar nan ba ta taɓa ganin teku ba sai a hannunka.

Ba mu hau jirgin katako daga Sawakin ba. Babban jirgi muka hau daga Bur Sudan, mai hawa-hawa, teku kuwa shiru kamar ruwan randa. Ban ga guguwa ba, ban ga anga ba. Ƙasan bokiti kawai na gani, don amai na yi ta yi har Jidda. Sarƙar, Malam ya saye ta a wurin masu tsofaffin ƙarafa, shekara goma sha wani abu bayan zuwanmu Madina, saboda wani ragon layya da ya cinye igiya uku a kan bene. Sarƙar rago ce, Aliyu.

Ga yadda aka yi. Kana da shekara bakwai aka kawo mana labarin haɗarin motar alhazai a hanyar Bi'ir Ali. Babanka Badaru ne yake tuƙi. Ka san ban taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne, ko ranar da aka binne shi ban kira ba. Yau na rubuta shi da hannuna don ka san babu wasa a takardar nan.

Bayan rasuwarsa ka daina magana, ka daina ci. Duk wanda ya nufi ƙofa sai ka riƙe masa riga. In Malam zai je masallaci sai an ɓamɓare yatsunka daga jikinsa. Wata la'asar ina kwashe shanya a kan bene, kana riƙe da zanena, sai ka buɗe baki karo na farko cikin kwana ashirin. Ka ce, "Sitti, kowa tafiya yake?" Na duba hagu na duba dama, ban ga abin da zan ba ka ba. Sai idona ya faɗa kan sarƙar nan a lungu. Na ce, "Zo ka ga abin da ba ya saki."

A nan na ƙera guguwar, da alhazai arba'in, da igiyoyin da suka tsinke ɗaya bayan ɗaya. Kana ji kana shafa ƙarfen. Da na gama ka ce kana jin yunwa.

Malam ya ji labarin washegari daga bakinka. Ya same ni a kicin ya ce, "Uwa, ki ji tsoron Allah." Na ce ya leƙa ya ga wanda ke cin tuwo. Ya leƙa, ya daɗe a tsaye. Babban kifin nan da ya ciji sarƙar haƙorinsa ya karye, ba nawa ba ne, shi ya ƙara shi.

Na yi niyyar faɗa maka in ka girma. Sai ka girma ka ce teku za ka, saboda labarin. Na ga abin da ya tashe ka tsaye, na kasa sa hannu in ture shi. Na ce ai ƙarfe ne a lungu, wa zai cuta?

Jan tabon nan da kake gogewa, jikinta ne yake zubewa. Na san tsatsa, ta ci mini tukwane. Inda ta fito a waje, ta gama da ciki. Kai da mutum takwas za ku rataya a kan abin da aka saya don rago.

Na riga na ba hanya ɗa guda. Ka ji haushina yadda kake so, ka daina rubuto mini in ka ga dama. Amma ka cire ta.

Kakarka,
Uwa

Anbariyya
12 ga Ramadan

Aliyu,

Salamu alaikum. Barka da shan ruwa. Muna lafiya. Likita ya ce kada in yi azumi, ina yi.

Sau biyar Khalilu yana dawowa hannu sake. Ya ce ya ba ka takardar hannu da hannu, ka karanta a tsaye a bakin tasha, ka ninke, ka ce masa ya gaida gida. Kifin ya iso tun tuni. Yana cikin firiza, na hana a taɓa.

Na sa Fatna ta kira ka. Ta ce ka ce kana lafiya, aiki ya yi yawa. Na ce ta tambaye ka sarƙa. Ta ce, "Wace sarƙa kuma, Sitti?" Na kau da zancen. Ita ma da labarin ta girma, ban da ƙarfin rushe shi sau biyu a jere.

Na tambayi Khalilu ko ya lura da abin da ke gaban jirgin. Ya ce shi direban mota ne, duk sarƙa ɗaya ce a wurinsa. Na ce to mai fenti ce ko marar fenti? Ya ce kamar mai fenti.

Jiya Fatna ta tura ni a keke zuwa Harami. Na zauna ina so in roƙi gafarar ƙaryar, sai na ga ban san ta inda zan fara ba, don in aka mayar da ni kan benen nan da yaron nan riƙe da zanena, ban tabbata zan yi shiru ba. Sai na bar wannan, na roƙi abu ɗaya: Allah ya sa ka ji haushin sarƙar kamar yadda kake jin nawa.

Saura kwana goma sha takwas Salla. Ina ƙirgawa. Ba sai ka rubuta da yawa ba. Ko da Larabci ne, na yafe.

Uwa

Yanbu
11 ga Shawwal

Sitti,

Assalamu alaikum. Barka da Salla. Jiya muka dawo, mu duka, lafiya lau. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran.

Da na ga "Aliyu" a saman takardar, na ce wata sabuwar tsokana ce. Da na ga sunan Baba da rubutunki, na san ba wasa ba ne.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi. Duk wanda ya hau jirgin nan na ba shi labarin Sawakin. Da shi na nemi aikin nan. Da shi nake tsayawa in iska ta taso. Sai na ji kamar an ce mini ni ma fenti ne. Na ƙi cire ta. Na ce ko ta rago ce, shekara biyu ta riƙe ni, za ta ƙara. Duk azumi haka nake, ina wanke shimfiɗa ina kewaye wurin buhun.

Ana saura kwana huɗu tafiya, bayan sallar asuba, na shimfiɗa ta a kan siminti don in nuna wa kaina lafiyarta ƙalau. Bakri ya zo ya tsaya. Ya miƙo mini guduma. Na fara bin zobban ɗaya-ɗaya. Fenti yana tashi kamar ɓawon gyaɗa. A zobe na goma sha tara daga anga, bugu na biyu, ya rabe. Sitti, inda zobban ke gugar juna ya siɗe, bai fi kaurin tsinken tsire ba. Na zauna a ƙasa. Bakri ya ce, "Ya waladi, yarona, wa ya gaya maka?" Na ce, "Kakata." Ya ce, "Ta san teku ke nan." Na ce, "Ƙasan bokiti kawai ta sani." Na yi dariya, daga nan kuma ban san sanda ta koma wani abu ba.

Mai jirgi ya kawo sabuwa ranar. Kaurin ɗan yatsana, mita talatin maimakon huɗu, irin wadda aka yi wa ruwan hana tsatsa. Bakri ya nuna mini yadda ake ɗaure maƙullinta da waya kada ya warware, muka sa alama duk mita biyar. Ya ce in riƙa wanke ta da ruwan daɗi kamar shimfiɗar, kuma kada in kuskura in yi mata fenti, don in ta fara ciwo in gani.

Rana ta biyu a can, da azahar, iskar arewa ta taso, mutum shida suna ƙasa. Jirgi ya yi ta fizga kusan awa ɗaya. Na tsaya a gaba ina kallon sarƙar tana miƙewa tana saki. Suka fito ɗaya bayan ɗaya suka same ni a inda suka bar ni.

Ban gama sanin abin da zan yi da labarin ba. Abin da na sani, na tuna tuwon ranar. Miyar kuɓewa ce.

Khalilu zai kawo miki tsohuwar a buhu. Zoben da ya karye yana wurina. Shimfiɗa ta yi fes, babu tabo.

Ki dafa kifin nan, ya daɗe.

Mijinki, in har ba a sake ni ba,
Haidar

Anbariyya
16 ga Shawwal

Mijina, mai gudumar asuba,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta zo ina tankaɗe. Na karanta layin farko na ajiye, na yi alwala na yi raka'a biyu a zaune, sannan na dawo na karanta sauran. Fatna ta ce me ya samu idona, na ce gari ne. Gwiwa da sauƙi. Kunne sai addu'a.

Kuɓewa ce, ka yi gaskiya. Busasshiya, don ɗanya ta yi tsada a shekarar. Ka ci malmala biyu da rabi.

Ba a sake ka ba. Wa zai karɓi tsohuwar da aka kama da ƙarya? Amma wata biyu ka bar ni ina ƙirga kwana, wannan sai ka zo da kanka, kifi ba zai biya ba. Kifin ma mun cinye. Ka gaida Bakri, ka ce masa ya riƙa ajiye gudumar nan kusa.

Na faɗa wa Fatna gaskiya. Ta ce ita tun tana aji shida ta gane, don sarƙar tana warin rago. Ka ji munafuka, shekara ashirin tana gyaɗa mini kai.

Buhun ya iso. Khalilu ya hau da shi bene yana haki, ya zube ta a lungunta na da. Jiya da la'asar na lallaɓa na hau kwashe shanya, kada ka gaya wa likita. Mimi tana biye da ni. Ta tsaya a kan sarƙar ta ce, "Sitti, wannan ta mece ce?"

Haidar, guguwar nan ta zo mini har bakin leɓe. Na haɗiye ta. Na ce, "Ta rago ce. Kakan uwarki ya saya." Ta taɓe baki ta juya za ta sauka. Ka ga abin da ka jawo mini, yarinya ta juya mini baya ina tsaye da raina.

Sai na ce, "Amma kin san igiya nawa ragon ya cinye kafin a sayo ta?"

Ta dawo ta zauna.

Uku ya ci, kai shaida ne na rubuta maka. Zuwa magariba ya kai goma sha ɗaya, da tabarmar maƙwabta. Amma na duba da kyau, babu mai rataya jirgi a jikin rago.

Ka wanke sabuwar da ruwan daɗi. Ka zo layya.

Matarka,
Uwa